Kofin Shayin da Ɗana Bai Ajiye Ba

Ni mai shayi ce. Da wannan nake so in fara, domin an taɓa zaunar da ni a cikin gidana, a gaban ɗan da na haifa, aka nemi in daina, ni kuwa ban daina ba.

Gurbina yana tashar motocin Rusairis, gindin dogon yaro na biyu in ka shigo ta wajen masu facin taya. Daga ƙauyenmu nakan taso bayan sallar asuba, mai keken jakin da ke kai madara gari ya rage mini hanya. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai kanun, wato murhun gawayi na ƙarfe, da butoci biyu, da tukunyar jabana saboda masu son gahawa, da akwatin katako inda na jera kwalaben citta da kirfa da na'ana'a da zoɓo. Akwai banbar shida, ƙananan kujerun nan na igiya. Ɗaya ƙafarsa ta gajarce, direbobi sun san shi, sukan bar wa baƙo shi don su samu abin dariya. Sai kofuna, na gilashi marasa hannu, waɗanda muke ce wa kubbaya.

Ba da wannan sana'a na tashi ba. Mu mutanen jaraf ne, gonar bakin kogi, inda maigidana yake albasa da tumatir. Wata shekara ruwa ya hau ya zauna a kan gonar, bai koma ba. Maigidana ya shiga bin ƙodago, yankan riɗi a wajen Dinder, tsinkar auduga a Jazira. A can ciwo ya kama shi, ya dawo gida ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da 'ya'ya biyar. Da na fita takaba na sayi kanun. Yayan maigidana, wanda riƙon gidan ya koma hannunsa, bai so ba, amma bai hana ba, don ba shi da abin da zai ba mu a madadi. In ya biyo ta tasha da buhunan albasarsa sai ya kau da kai, ya je ya sha shayi a wajen wata.

A shekarun nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, a makarantar yara, gwiwoyina suna dukan tebur. Larabci aka koya mana. Rubutun Hausa kuwa 'yata ce ta nuna mini daga baya. Karatun ya ƙara mini aiki a tasha. Tsoho zai sauko daga mota da takardar asibiti, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sai a ce masa je wajen Hajja ta gindin dogon yaro. Direba zai bar mini ƙunshin magani, ya ce wata mata za ta zo daga ƙauye kaza, mai tob shuɗi, wato mayafin da matanmu suke naɗawa. Wata za ta ajiye mini kayanta ta shiga kasuwa. Da yaƙi ya zo, motoci suka riƙa sauke mutane da ƙunshin kaya a ka, abin da kowa yake fara tambaya shi ne wa ya ga wane. Ni na san wanda ya sauka ran Talata da wanda ya wuce ran Alhamis, don duk wanda ya sauka sai ya nemi abu mai zafi. Wata baiwar Allah da ta zo daga Kamlin da 'ya'ya uku a bakina ta ji cewa mijinta ya biyo ta nan kafin ita. Ta zauna a Rusairis tana jiran labarinsa.

Mu mata masu shayi na tashar muna da ƙa'idarmu, ba a rubuce take ba, amma ba wadda take karya ta. Gurbi na wadda take hura wuta a cikinsa ne. In ciwo ne ya kwantar da ke, ko haihuwa, ko rasuwa, za a tsare miki wurinki ko wata nawa za ki yi. In kuwa don kanki kika zauna, mako guda kike da shi. Safiya ta takwas in rana ta fito babu hayaƙi a gurbinki, ya zama na mai jira. Masu jira kuwa, tun da yaƙi ya koro mutane, sun fi bishiyoyin tashar yawa.

Ɗana na fari yana Masar. Ni ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayana ba. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, in kuma muna tare ba na tsura masa ido, shi ma ba ya tsura mini. Da ya tafi ya ce mana ya samu aiki a kamfanin yawon buɗe ido. Yana aiko mana da abin da ya sawwaƙa, bai taɓa mantawa da ƙannensa ba, wannan dole in faɗa. Bayan shekara huɗu ya zo ganin gida. Ran Asabar ya sauka, aka yanka rago, gida ya cika. Ban fita tasha ba ranar, ban fita washegari ba, don baƙi ba su yanke ba, kuma yayan maigidana ya aiko cewa in zauna har baƙi su ɗauke ƙafa. Na ce to. Amma ina lissafe da kwanakina.

Kullum da hantsi maza sukan taru a rumfar ƙofar gida su ji labarin Masar. Ran Litinin ina tsaye bayan zana da faranti a hannu, ina jira a zo a karɓa, na ji yaron nan yana yi wa baffansa bayani. Hausarsa ta yi nauyi, rabin maganar da Larabci yake yi.

“Baffa, ƙasa ba da gona kaɗai take tsayuwa ba. A can mutum zai rayu ya tsufa bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma da shi ake ciyar da ƙasar. Ga otal-otal, ga bankuna, ga jiragen ruwa masu wucewa ta mashigi suna biya, ga Turawa masu zuwa kallon gine-ginen Fir'auna. Shi ake ce wa ɓangaren hidimomi. Can ma'aikaci yana da rigar aiki, yana da takarda, gwamnati ta san da shi, yana cikin littafi.”

“Ka ji, ka ji,” in ji baffansa. “To mu nan fa?”

“Mu? Dawa, riɗi, shanu, zinari. In ka cire waɗannan me ya rage? Mata a gindin bishiya suna fifita gawayi.”

Aka yi dariya. Wani ya yi tari don ya tuna wa sauran ko a gidan wa suke zaune, amma an riga an yi. Na ajiye farantin a ƙasa a hankali, don kada kofuna su yi ƙara a san ina wurin, na koma ciki.

Ban yi fushi nan take ba. Ni fushina a hankali yake zuwa, sai na gama juya magana. Na zauna ina tsince shinkafa ina auna abin da ya faɗa, na ga akwai gaskiya a ciki. Su suna da baƙi masu zuwa daga nesa da aljihu cike, mu baƙinmu na yanzu da katifa a ka suke sauka. Su suna da rufin siminti da fanka, mu muna da inuwar da take gudu in rana ta juya, sai ka ja kujera ka bi ta. Ban musa wannan ba, har yau ban musa ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne cewar in an cire gona da shanu babu abin da ya rage. Na rufe ido na ga tasharmu. Na ga direbobi da masu facin taya, mai gyaran waya, mai aski, mai cajin batir, mai ruwa a keken jaki, mai tuyar kifi, ungozomar da take hawa mota ta farko zuwa ƙauyuka, malamin makarantar da yake shan shayinsa a tsaye. Babu mai noma a cikinsu, kuma in suka zauna gida kwana uku albasar baffansa a buhu za ta ruɓe.

Ran Laraba maƙwabciyar gurbina ta zo, mai shayin gindin dogon yaro na farko, mace mai baki. Tun daga zaure na ji muryarta.

“Salamu alaikum! Ina uwar ɗan Masar? Ko sai mun cike takarda kafin mu gan ta?”

“Shigo, ke dai bakinki ba ya hutu.”

“Ina zai huta, direbobinki sun dawo kaina? Wancan mai gemun na hanyar Dinder ya ce shayina kamar ruwan ɗaurayar buta. Na ce masa to hau motarka ka je Masar ka sha.”

Na ba ta ruwa da naman da ya rage. Ta ci, ta suɗe yatsu, sannan ta rage murya.

“Yau kwana biyar, 'yar'uwa. Baiwar Allahn nan ta Kamlin kullum da safe sai ta zo ta share gindin bishiyarki. Shara kawai take yi. Kuma har ga Allah tana da buƙata. Asabar in rana ta fito ba hayaƙi, ni da bakina zan ce mata ta aza kanun, kada ki ga laifina.”

“Na sani.”

“Kin sani, to mi kike jira? Ko ɗanki ya zo miki da otal a cikin jaka?”

Na yi dariya, amma da ta fita na kasa ci gaba da abin da nake yi.

A kwanakin nan na fara lura da yaron nan, ta gefen ido, yadda uwa take kallon ɗan fari. Ba ya iya zama. Ana hira sai ka ga ya miƙe ya tsaya a bakin rumfa, hannu ɗaya a baya. Idonsa ba ya kan mai magana, yana kan kofunan mutane, wanda ya kusa shanyewa shi yake kallo. Ran Alhamis baƙi suka watse, na leƙa ta ramin zana, na gan shi yana kwashe kofuna. Biyar ya ɗauka a hannu ɗaya, a tsakanin yatsu, ko ƙara ba su yi ba. Ya zare tsumma daga kafaɗa, ban ma san sanda ya rataya shi ba, ya goge farantin da zagaye ɗaya daga tsakiya zuwa baki. Na shekara biyu a tasha kafin hannuna ya iya wannan zagayen. Can baffansa ya ƙwala masa kira daga waje, sai ya amsa da sauri, da irin Larabcin Masar, “Hadir, ya basha!”, wato an gama, ranka ya daɗe. Tsohon ya ji daɗi, ya ce ka ga ladabin mutanen waje. Ni kuwa wani abu ya ɗarsu a raina. Zargi ne kawai a zuciyata, ban tabbatar ba.

Ran Juma'a, kwana na bakwai, bayan an sauko masallaci an ci abinci, yayan maigidana ya aiko a kira ni rumfa. Mu uku ne. Yaron nan yana gefe, kansa a ƙasa. Na durƙusa a bakin tabarma.

“Ƙanwata, zauna da kyau,” in ji shi. “Kin yi haƙuri, kin yi ƙoƙari, ba mai cewa ba ki yi ba. Da lalura ce, muka kau da kai. Yanzu Allah ya kawo sauƙi. Ɗanki ma'aikacin kamfani ne a ƙasar waje. Bai kyautu a ce uwatai tana zaune cikin direbobi tana miƙa musu kofi ba. Daga yau kin huta. Kanun ɗin a ba wa mai buƙata.”

Yaron nan ya ce, yana kallon tabarma, “Inna, ni zan ɗauki komai. Wannan ba aiki ba ne, wahala ce kawai. Ko ƙasar ba ta san kina yi ba.”

Na ce, “Yaya, bari in kawo muku shayi tukuna, sannan in ba da amsa.”

Duk mai shayi ta san ba a cika kubbaya. Ana barin kamar faɗin yatsa a sama, don nan ne gilashin bai yi zafi ba, nan mai sha yake kamawa. Mu da muke zubawa ba ma buƙatar wannan, fatar yatsunmu uku ta yi kanta, a tsakiya muke kama kofi yana tururi. Na shiga na tafasa shayi har buta tana rawa, na fito da ita da kofuna biyu, ban ɗauko faranti ba. Baffan ya sake jan yaron da maganar Masar, yana tambayarsa ko gaskiya ne akwai otal mai ɗaki ɗari. Na zuba kofi na farko har baki, na miƙa wa tsohon hannu da hannu.

“Kai! Subhanallahi, wuta!” Ya dire shi a kan tabarma, shayin ya fantsama, yana yarfa yatsu. “Ƙanwata, yau mi ya same ki?”

“Yi haƙuri, Yaya, hannuna ne ya zarce.”

Na zuba na biyu, shi ma har baki, na miƙa wa yaron nan. Ya karɓa bai ko duba ba, da yatsu uku, a tsakiyar gilashin, ya ci gaba da magana. Yana cewa ɗaki ɗari ai ƙarami ne, akwai masu hawa ashirin a bakin kogi. Har ɗaga kofin ya yi yana nuna tsayin ginin, ɗigo ɗaya bai zuba ba. Tururi yana tashi ta tsakanin yatsunsa.

Tun da na yaye shi ban taɓa tsura masa ido haka ba. Ranar na tsura. Ya ji kallon a jikinsa, maganar ta fara sanyi a bakinsa, ya juyo. Na buɗe hannuna na dama a kan gwiwata, yatsu suna sama, inda fatar ta yi fari ta yi tauri. Ya dubi hannuna, ya dubi nasa da kofin a ciki. Bai ƙarasa maganar otal ɗin ba.

Baffansa bai ga komai ba, yana hura yatsunsa. “To, muna jin ki,” in ji shi.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ban ɗaga ba.

“Yaya, ni ban je Masar ba. Abin da yaron nan ya faɗa na can na yarda, sun fi mu gini, sun fi mu baƙi, Allah ya ƙara musu. Amma albasarka wa yake kai ta Damazin? Direba. Direban nan a ina yake karyawa, wa yake riƙe masa saƙo, wa yake gaya masa hanya ta yanke kada ya bi? Mai kai shayi a otal ɗin can da ni, ruwa ɗaya muke tafasawa. Shi an ɗinka masa riga, ni ina da tob ɗina. Da yaƙi ya zo, ofisoshi suka rufe, waya ta ɗauke, tashar nan ba ta rufe ba ko kwana ɗaya. Mutane sun sauko ba su san kowa ba, a kan banbar ɗina suka zauna suka samu 'yan'uwansu. In wannan ba hidima ba ce ga ƙasa, a gaya mini sunanta.”

“Ba wannan ake magana ba,” in ji shi. “Mutunci ake magana.”

“Da shi na fita, Yaya, da shi nake dawowa kullum. Da kanun ɗin nan yara biyar suka ci suka yi makaranta, har wanda yake zaune kusa da kai. An ce ba a rubuta ni a littafi ba. Na haifi biyar ɗin nan kafin in iya rubuta sunana, kuma duk shekarun nan ina nan, ban ɓata ba. In ba su rubuta ni ba, su je su nemo alƙalami. Gobe in Allah ya kai mu zan hura wuta a gurbina.”

Tsohon ya juya ga yaron nan. “Kana jin uwarka? Yi mata magana mana, kai ne ka kawo zancen!”

Har lokacin kofin yana hannunsa.

“Baffa, a bar ta.”

“Mi ka ce?”

“A bar ta ta tafi.”

Yayan maigidana ya dube shi, ya dube ni, ya rasa inda maganar ta juya. Ya miƙe ya zura takalmansa. “To, ku kun sani,” ya ce. Ya bar shayinsa a kan tabarma. Bai sake taka gidanmu ba sai da Sallah, kuma har yau in ya zo tasha wajen wata yake sha. Muna gaisawa, shi ke nan. Wannan ya dame ni, don shi ya tsaya a kan jana'izar maigidana, amma bai dame ni har in zauna gida ba.

Asabar na riga mai madara fitowa. Rana ba ta gama ɗagowa ba gawayina ya kama. Baiwar Allahn Kamlin ta iso da tsintsiyarta, ta ga hayaƙi, ta tsaya daga nesa, ta ce, “Sannu da dawowa, Hajja,” za ta juya. Na kira ta. Na ce ni ba na tuyar zalabiya, ƙosan fulawar nan, kuma masu shayin safe suna nema, inuwar ta ishe mu mu biyu har azahar. Tun ranar kaskonta yana gefen kanun ɗina. Mai gemun hanyar Dinder yana hango ni ya ɗaga hannu sama.

“Jama'a, Hajja ta dawo daga Masar! Wallahi saura kaɗan waccan ta kashe mu da ruwan buta!”

“Ina jin ka, mai gemun akuya,” in ji maƙwabciyata daga bishiyarta. “Gobe in ta yi zazzaɓi za ka dawo.”

Yaron nan ya ƙara mako biyu a gida. Ba mu tayar da maganar ba, ni da shi. Ya daina ba da labarin otal-otal, in an tambaye shi sai ya ce Masar dai ƙasa ce kamar kowace. Ranar komawarsa dole ta tashar zai bi, babu wata hanya. Motarsa ba ta cika ba, ya zo da jakarsa ya tsaya a gindin dogon yaro. Direbobi suka matsa, suka bar masa banbar mai gajeriyar ƙafa, suna ƙyafta wa juna ido. Ya taɓa shi da hannu, ya tsinci kwali a ƙasa, ya ninke, ya cusa ƙarƙashin ƙafar, ya zauna daram. Suka ji haushi, suka koma hirarsu.

Na zuba masa shayi da na'ana'a, na bar masa faɗin yatsa a sama. Ya yi murmushi da ya ga haka. Ya daɗe yana juya kofin kafin ya yi magana, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

“Shagon shayi ne, Inna, a wata unguwa bayan kasuwa. Tun safe a tsaye. Kamfanin na je, sau uku, suka ce sai da takardar aiki. Na ji kunyar in faɗa.”

“Suna ba ka abinci?”

“Suna ba ni.”

“Mai shagon yana zagi?”

“Wani lokaci. Ke ko zama kina yi, kuma ba mai tafa miki hannu ya kira ki.”

Na fifita gawayi. Na ce, “To littafin nan nasu da kowa yake ciki, kai kana ciki?”

Ya yi dariya har shayin ya kusa zuba, karo na farko ke nan da na ga kofi ya girgiza a hannunsa. “Ba ni ciki, Inna.”

“To mu biyu ke nan. Ƙasa biyu suna shan shayinmu, ba wadda ta rubuta mu.”

Muna cikin haka wata mota ta shigo daga Damazin ta sauke mutane, suka yo gindin bishiyata gaba ɗaya, wannan na son citta, wancan ba sukari, wata tsohuwa tana son jabana. Na jera kofuna ina zubawa. Kafin in ɗago ya miƙe, ya ɗauki farantin a tafin hannu ɗaya, ya ratsa tsakanin jakunkuna da ƙafafun mutane, kowa ya ba shi nasa bai tambaya sau biyu ba. Mai gemu ya saki baki.

“Kai! Ɗan kamfani, ina ka koyi wannan?”

“Gado ne,” in ji shi.

Motarsa ta cika, aka kira shi. Na ƙulle masa citta da kirfa a tsumma, na ce ya gwada wa mutanen can. Ya durƙusa, na yi masa addu'a, ya tafi.

Kafin in rubuta wannan na sa 'yata ta kira shi a waya, na tambaye shi ko ya yarda. Ya ce in rubuta, amma kada in sa sunansa. Na ce masa ni da ban taɓa kiran sunan ba tun da aka raɗa shi, yau ne zan fara?

Har yanzu yana can yana ɗaukar faranti, ni ina nan. Ban san ranar da masu littafi za su zo tasharmu ba. In sun zo ba za su sha wahalar nema ba, su shigo ta wajen masu facin taya, su dubi hayaƙin gindin dogon yaro na biyu. Nawa ne.